Farar Rigar Shinsuke

"Ka sharɓa da ƙarfi," Fumika ta raɗa wa Shinsuke. "Baba ba ya ba mai cin taliya shiru 'yarsa. Ya kori biyu kafin kai."

A Landan Shinsuke ya yi karatu, inda aka horar da bakinsa cin abinci ba ƙara. Ga shi yau a gidan tarihin taliya na Yokohama, a wata rumfa irin ta zamanin kakanni, tsoho Genzo, baban Fumika, na gefensa ya duƙufa kan kwanonsa.

Shinsuke ya ɗago taliyar ya zuƙa. Shiru. Ya ƙara ƙarfi, sai ya ƙware, romo ya wanke masa farar riga daga wuya har ciki. Shi ke nan, aure ya sha ruwa.

Genzo ya ɗago, ya ƙare masa kallo.

"Yauwa, yaro! Haka maza ke sharɓa. Ku sa rana."

A bakin ƙofa Shinsuke ya ce, "Fumika, ni fa ko ƙara ban yi ba."

"Na sani. Tun bara Baba ya kurumce, ya ƙi yarda. Riga yake dubawa. Kana tsammanin don me na ce ka sa fara?"