Falalen Matar Mamaci

Ruwa ya janye daga gaɓar tekun Conamara. Ta ɗaga lauje ke nan, yayan mijinta ya riƙe mata hannu.

"Haba matar ƙanina, ciyawar teku ta kan dutsen nan tamu ce. Leac na Baintrí, Falalen Matar Mamaci. Don kakarmu aka sa sunan."

"Yaya, ka ji sunan kakarku a ciki?" ta ce, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Kafin ita ma wata ce ke yanka a nan. Duk matar da teku ta cinye wa miji, ita gari ke bar wa dutsen, ta samu takin dankali."

Ya yi dariya. "To ke ina ruwanki? Wata bakwai da ɓatan jirgin ƙanina, kullum cewa kike yana nan tafe. Har yau kina ajiye masa farantinsa."

Ta hangi kunyoyinta a kan tudu, babu taki, ga yara huɗu.

Ta zare hannunta, ta sunkuya, ta yi yankan farko.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai, kamar yadda suke yi wa mamaci.