Zangon Keta a Ƙarƙashin Gilashi

Tun da teku ta cinye garuruwan gaɓa, ba a ziyartarsu sai a jirgin ruwa mai ƙasan gilashi. Inna Tasalla ta shiga irin wannan jirgi ita kaɗai, don ta ziyarci kabarin mijinta a zangon Keta.

An tsaya a kan Badagiri, mutane suka yi ta leƙen tsofaffin gidaje suna ɗaukar hoto. A Keta ma an tsaya, amma a kan tsohuwar ganuwar Turawa, ba a kan zangon ba. Sai da jirgin ya tashi ta hango hasumiyar masallacin unguwarsu a ƙasa, kifaye na shiga ta tagar ladan.

Ta kamo rigar ma'aikacin jirgin. "Ɗana, a ɗan dakata mini. Malam, maigidana, na kwance bayan masallacin can."

"Ki yi haƙuri, Inna. Jirgi ba ya tsayawa sai inda ke da tarihi."

Ta tuɓe takalmanta, ta durƙusa a kan gilashin, ta fara addu'a da sauri. Kafin ta kai ga sunansa jirgin ya wuce zangon, sai yashi kawai a ƙasa. Duk da haka ta ƙarasa, ba wanda ya taya ta cewa amin.