Hannun Malama Rifkatu

A firamarenmu ta Samaru, Malama Rifkatu kan sa mu rufe ido kafin a tashi, mu ƙirga numfashinmu har goma. Ran nan na saci kallo, na ga ta dafa kan Ladi, 'yar ajinmu, da hannunta duk alli, ta ce, "Kin iya natsuwa, 'yata." Ni ba ta taɓa dafa ni ba.

Ina isa gida na ce wa Baba addu'ar coci take koya mana.

"Kin ji ta ambaci Yesu?"

Ƙirga kawai na ji, amma na ce, "Na ji."

Baba ya ɗauki hularsa ya nufi gidan hedimasta. Aka cire Malama daga ajinmu.

Na tsufa ina neman gafarar Allah. Amma har yau in na rufe ido, hannun nan nake gani a kan Ladi.