Tabarmar Alu Mai Gadi

Shekara tara da gina gidan ruwan da ke kan tudun Jandutsi, kuma in ban da na sama, babu ɗigon da ya taɓa shiga tankinsa. Injin ya yi tsatsa, ƙadangaru sun gaje ɗakinsa. Babban bututun ya gangara kwari da ƙarfinsa, ya je ya hangame baki a cikin yashi, gulbi kuwa yana can nesa yana harkar gabansa.

Manoman albasa sun san dalili. Gulbin ba ya zuwa gindin tudun sai da damina, kaka na yi ya koma hanyarsa. Sun faɗa wa mai awon da aka turo a tsakiyar Agusta, ya ce shi da takarda yake aiki, ba da masu warin albasa ba.

Aka gama ginin, aka yi tafi, aka watse. Sai Alu mai gadi aka bari. Kullum yana kan dakalin siminti na ƙofar ɗakin inji, bisa wata tabarma da ko don shara ba ya ɗaga ta. Da wannan gadin yake ciyar da baki takwas.

A 1987 Sakkwato ta tuna tana da gidan ruwa, ta turo Injiniya Kefas ya gano mai laifi. An ce shi ya roƙi a ba shi aikin, don tsabar kishin talakawa.

Gwani gwani ne. Bai tambayi kowa hanya ba, ya bi ta yanke, har ya kauce wa ramin da ciyawa ta rufe. Kwarin kuwa bai ko kalla ba, wai kada yashi ya shiga takalminsa. Kafin azahar ya gama bincike: sakacin mai gadi ne ya kashe inji, a sallame shi. Dakalin nan kuma a farfasa shi yau, domin haɗari ne ga jama'a.

Alu bai motsa ba.

"Tashi, Baba. Ga takardarka, ga masu guduma suna jira."

"To, ranka shi daɗe. Shekara tara ina zamne bisa abin ga don rufin asiri. Tunda kac ce in tashi, bari in kira manoma su yi shaida."

Ya ɗaga gefen tabarmar kaɗan. Kefas ya leƙa. Nan take binciken ya canza: ashe mai gadi mutumin kirki ne, dakali kuma ƙalau yake. Ya yayyaga takardar, ya gyara wa Alu tabarmar da hannunsa.

A ƙarƙashinta akwai rubutun da wani ya yi da tsinke tun siminti yana ɗanye, don kada duniya ta manta da shi: "Awo da tsari: Kefas, Agusta 1978."