Kogin da Yaya Ke Liƙawa

Duk layinmu babu wanda ya kai ni iya talla. Da bakin nan na taɓa sayar wa mai sanƙo mataji. To, washegari ya dawo da shi har da zagi, amma dai ai an yi ciniki.

Shi ya sa da ruwan batir ya fashe wa Yaya a fuska, idanunsa suka tafi, ni na zama dillalinsa. Da farko ƙin cin abinci ya yi, ya juya fuska bango har haƙarƙarinsa suka fito. Sai ranar da na ajiye masa allo da gwangwanin gam ya nemi ruwa.

Aikinsa ba ya kama da komai. Yashi, toka, ɓawon itace, tsumman tsohuwar rigarsa, ya shafa gam ya danna da tafin hannu, ya kwararo shuɗin fenti ta tsakiya. Wai kogin da muka yi wanka muna yara ne, bayan ruwan sama. Ni dai kamar inda akuya ta yi birgima nake gani. In ya gama sai ya kifa allon a cinya, ya ɗan taɓa bayansa da wuƙa, ya miƙo min.

Sharaɗinsa ɗaya ne: ranar da aka daina saye, ranar zai daina ci.

Sai in saɓi allon in fita. Da yamma in dawo da cefane da labari: mai otal ya rataye a falonsa, wata likita ta tsaya gabansa har da hawaye. Kwana biyu in kawo sabon allo daga wajen kafinta, yana warin kananzir. Matata kullum mita take, wai farcena ya koma shuɗi. Yaya ya ce ɗakin ya fara amsa kuwwa, na ce kunnensa ne ya ƙara kaifi. Rediyo kuwa tana wajen gyara, ita da fanka da keken ɗinkin matata.

Jiya ya laluba kujerarsa bai same ta ba. Ya zauna a ƙasa. Na ajiye masa kwano, na miƙa masa allo, ina ba shi labarin wani attajiri da ya ce a yi masa uku.

Bai taɓa kwanon ba. Ya kifa allon, ya kamo yatsana ya bi da shi ta baya. Tsaga ce a jere, tun daga sama har ƙasa.

"Kowane aiki tsaga ɗaya, sa hannuna ke nan," in ji shi. "Kafintan naka ma makaho ne?"

Ya ture kwanon gefe.

"Tun na biyu na sani, ƙanena, don kai nake ci. Allo ɗaya ne, kai kake kankare min kogina."