Tururuwa a Kan Katifa

Saudatu ta jingina katifar da katanga don ta sha rana, ta koma kicin. Kafin ta sauke ruwan shayi ta fito, tururuwa ta yi baƙi a kan jiƙaƙƙen wurin. Ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara, ta san abin da tururuwa ke bi a fitsari: sukari.

Ɗanta Al-Amin shekararsa tara. Tun kafin ya shiga firamare ya bar fitsarin kwance, sai ga shi bayan ƙaramar Sallah abin ya dawo. Iyaye nawa ta zaunar a asibiti tana roƙonsu kada su doki yaro, ba da gangan yake yi ba, kunyar ma ta ishe shi? Amma akwai abin da takan ƙara musu da murya ƙasa-ƙasa: yaron da ya daina in ya koma, a bincika. Ko ciwo ne, ko tsoro, ko kuma wani ne ke cutar da shi a ɓoye.

Ranar bai je makaranta ba. Ta sa shi a adaidaita sahu daga Tarauni zuwa asibiti a Gyaɗi-Gyaɗi, aka ɗebi jini, aka ɗebi fitsari. Ba ciwon sukari, ba ƙwayar cuta. Likitan ya ce ta kwantar da hankalinta, amma hankalin ya ƙi kwanciya. In ba ciwo ba ne, to waye?

Ta shiga kallon kowa da wani ido: malamin Islamiyya, direban da ke kai su makaranta, mai kantin bakin layi da ke yawan miƙa masa alawa. Da yamma ta ja yaron ɗaki, ta riƙe hannayensa biyu.

"Al-Amin, dube ni. Akwai mai tsorata ka? Akwai mai taɓa ka?"

"A'a, Umma."

"To mene ne?"

"Barci ne yake min nauyi," ya ce, idonsa a ƙasa.

Ta hana shi ruwa daga magariba, ta sa shi kewayawa kafin ya kwanta. Gari na wayewa sai ya fito da jiƙaƙƙen wando, yana jan katifar da kansa, bai yarda kowa ya taya shi ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai, katifar ta surukinta ce. Baba Maje tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mai tsaftar da ko ɗigon miya bai yarda ya wuni a rigarsa ba. Tun rasuwar matarsa aka dawo da shi daga Daurawa, aka haɗa shi ɗaki da jikansa don ya ɗebe masa kewa. Rashin ya taɓa shi ƙwarai. Ya rame, ya daina fita sallar asuba, kullum yana zaune a inuwa da gorar ruwa a gefe. Da Saudatu ta ce za ta raba musu makwanci, yaron ya fashe da kuka ya ce ba inda za shi. Tsohon ya sunkuyar da kai.

Ranar Alhamis haƙurin mijinta Sagiru ya ƙare. Ya zare bel ya hau yaron da duka, sai da Baba Maje ya taso ya riƙe masa hannu.

"Maganin asibitinki ya kasa," in ji Sagiru yana huci. "Wallahi in jibi na ga katifar nan a jiƙe, a kansa zan ɗora masa ita, in tara yaran layi su raka shi har titi suna kiransa amalala!"

Saudatu ta san mijinta ba ya rantsuwar banza. Ranar Juma'a da dare ta shimfiɗa wa Al-Amin tabarma a ɗakinta, duk kukan da ya yi ba ta saurare shi ba.

Ƙarar ƙofa ce ta tashe ta, Sagiru ya fita masallaci. Ta kai hannu kan tabarmar ta shafa. A bushe take ƙayau. Sai dai yaron ba ya kai.

Ta fito tsakar gida. Banɗaki ba kowa. Akwai haske a ɗakin Baba Maje, kuma daga ciki ta jiyo raɗa: "Yi sauri kafin a sallame. Ba wanda zai sani."

Ta zargi duk mutanen waje, ba ta taɓa waiwayar cikin gidanta ba. Ta sa kafaɗa ta banka ƙofar.

Baba Maje yana tsaye a kusurwa yana hawaye, yana kokawar kwance zariyar wandonsa da ya jiƙe sharkaf. Al-Amin kuwa ya gama tsiyaya ruwan buta a gaban nasa wandon, ya haye katifar ya kwanta daidai inda kakansa ya jiƙa, yana cewa, "Daina kuka, Kaka, ni yaro ne, nawa za a manta."