Jan Biro a Takardar Suwaiba

Gorar Namadi ta sauka a goshin Malam Anwar, mai koya wa matan garin Banga Turanci. Jini ya wanke masa fuska.

"Asiri kaka yi ma matata, ɗan banza?" Namadi ya jefa masa takardar da ya tsinta ƙarƙashin filon matarsa Suwaiba, duk an zagaye wasu haruffa da ja. "Yau sai gaban alƙali!"

'Yan Hisba suka iso suka rirriƙe Namadi. Ɗayansu ya duba takardar.

"Namadi, wanga gyaran kalmomin Turanci 'a' da 'the' ne malam ya yi mata. In fassara maka abin da ta rubuta?"

"Fassara!"

"Mijina mutum ne mai haƙuri. Bai taɓa dukan kowa ba."